Biro na yarwa ko wanda ake canza wa tawada, wanne ya fi sauƙi ga aljihu?

AbuHanifa_Zariya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga malaman makaranta da ma'aikatan ofis da ke cikinmu. Akwai wanda ya daina sayen biro na yarwa ya koma irin wanda ake canza wa tawada? Ni koyarwa nake yi a sakandare, in lokacin makin jarrabawa ya zo jan biro ba ya daɗewa a hannuna. Wani abokin aikina ya matsa mini in sayi mai jikin ƙarfe sau ɗaya, in riƙa sayen hanjinsa, wato bututun tawadar, kawai, wai ya fi arha kuma ana rage tarin roba a bola. Ni dai gani nake lissafin Turai ne, a nan ba zai fita ba. Wanda ya gwada ya ba mu labari, har da farashi in da hali.

Bash_Kwari:
Wa alaikumus salam. Malam kai ka ji daɗi da har biro yake ƙarewa a hannunka. Ni rabon da in ga ƙarshen tawadar biro na manta. "Ɗan ara mini biro" a layin banki, shi ke nan an rabu. To wa zai sa dubbai a abin da ba zai kwana biyu a aljihunsa ba?

Ummu_Khairat:
Bash ka riga ni. Yara huɗu gare ni a makaranta. Duk safiyar Litinin sai an ce Mama ba ni da biro. Ba ƙarewa yake yi ba, ko an tauna gindinsa, ko murfi ya ɓata, ko an ɗauke a aji lokacin tara.

HajiyaMaiLittattafai:
Malam AbuHanifa, bari in ba ka ta bakin mai shago, don kayan rubutu nake sayarwa a Sabon Garin Kano. Hanjin biro ana samunsa, amma ba ya tafiya. In na saro fakitin biro mai guda hamsin, a farkon zangon karatu kafin la'asar ya ƙare. Hanji kuwa sai ya yi watanni a kanta, wani ma ya bushe a kaina, asara ta hau ni. Shi ya sa yawancinmu ba ma ajiye shi. Na biyu, hanji mai kyau irin na Parker guda ɗaya ya fi kuɗin biro na yarwa da yawa a haɗe. In ka gaya wa mutum farashi sai ya yi dariya ya ce ba ni na gama-gari guda biyar. Akwai hanjin China mai arha da ke shiga jikin Parker ɗin, wani yana da kyau, wani kuma shafi biyu zai fara tsallake. Tun da aka saki darajar naira a 2023 duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya tashi, hanji da tawadar kwalba suna ciki. Biro na gama-gari kuwa ana yin wani a nan gida. Kamfanin BIC ma ya sayi Lucky Stationery na Najeriya a 2019, ga kuma Eleganza da muka taso muka gani.

Injiniya_Auwal:
Ta fuskar muhalli abokin aikinka yana da gaskiya, amma a fahimci inda gaskiyar take. Ɗauki Bic Cristal, wanda ya fito a Faransa a ƙarshen 1950, wanda tuni kamfanin ya sanar da sayar da na biliyan ɗari. Nauyinsa bai kai giram shida ba. Kwanson wata roba ce daban, murfin da bututun tawadar wata roba ce daban, bakin ƙarfe ne, ƙwallon da ke tsinin kuma wani ƙarfe ne mai tsananin tauri. Kafin a sake narka shi sai an raba waɗannan duka, kuma akwai ragowar tawada a ciki. Wa zai zauna ya yi wannan aikin a kan giram biyar? 'Yan gwangwan a kilo suke saye. Sai ka tara kusan biro ɗari biyu kafin ka haɗa kilo ɗaya, shi ma gauraye. Shi ya sa za ka ga yaro mai buhu ya ɗauki gorar ruwa da tsohon bokiti ya tsallake biro. Ƙarshensa kwata, ko a cinna wa bolar wuta mu shaƙa.

Abin takaicin shi ne kwanson nan lafiyarsa ƙalau lokacin da ake jefar da shi. Abin da ya ƙare ɗan siririn bututun ne kawai.

Sadiq_09:
Haba Injiniya. Ledar fiya wata ta toshe mana kowace kwata a gari, ana maganar biro? A gama da babba tukuna. Wannan ai neman magana ne.

Injiniya_Auwal:
@Sadiq_09 ban ce biro ya kai leda ba, ko kusa. Amma yi lissafi da makaranta ɗaya. A ɗauka ɗalibai ɗari shida, kowa ya ci biro goma a shekara, dubu shida ke nan, sama da kilo talatin na robar da ba mai saye. Makarantu nawa ne a Kano kaɗai? Kuma wanda ya yi tambayar biro ya tambaya, ba leda ba.

Sadiq_09:
Kilo talatin a shekara. Gidan biki ɗaya ya fi haka a wuni. Na dai yi shiru.

Baba_Tsohon_Akawu:
'Ya'yana ku ba ni dama in sa baki. Mu da muka yi makaranta tun da, alƙalami mai shan tawada muka riƙe. Kwalbar Quink a kan tebur, ga takardar tsane tawada a gefe, aljihun farar riga kuwa kowa da tambarinsa shuɗi. Malamanmu ba sa son biro, cewa suke yana lalata hannun yaro. Har yau ina da Hero ɗan China da nake rubutu da shi, ya girmi wasu daga cikinku. Na canza masa robar da ke tsotso sau ɗaya, shi ke nan.

Amsar da zan ba Bash ita ce, abin da ka san darajarsa ba ka sakaci da shi. Biron naira ɗari in an ara ba ka ma duban fuskar wanda ya karɓa. Nawa kuwa in mutum ya ce in ara masa, sai in cire murfin in riƙe a hannuna in miƙa masa sauran. Ba mai sa alƙalami marar murfi a aljihun shaddarsa. Dawo mini da shi zai yi.

Bash_Kwari:
Allah ya ƙara girma Baba, wannan dabarar murfin na ɗauka.

Zainab_Odita:
Mu sa lambobi a gaba, don in ba haka ba kowa son ransa zai faɗa. Farashin nan misali ne, kowa ya sa na garinsu.

A ɗauka biro na yarwa ₦150 ne, mai rubutu sosai yana cinye biyu a wata. Guda 24 a shekara, ₦3,600.

A ɗauka alƙalami mai shan tawada ɗan China ₦4,000, ƙaramar kwalbar tawada mai mili 30 kuma ₦3,500. Cikin irin wannan alƙalamin ba ya ɗaukar mili ɗaya cikakke, don haka kwalbar za ta cika shi sau talatin da wani abu. In kana cikawa sau ɗaya a mako, wata takwas ke nan. Shekarar farko ka kashe kusan ₦9,000, ta biyu kusan ₦5,000. Har yanzu biro na gama-gari ne a gaba.

Dalili shi ne tawadar biro mai kauri ce, kaɗan take fita. Masu Bic suna cewa guda ɗaya yana ja layin da ya haura kilomita biyu. Tawadar kwalba kuwa ruwa ce, takarda shanye ta take yi. Don haka Malam AbuHanifa, in da biron ₦150 kake gwadawa, ban ga ribar kuɗi ba. In don muhalli ne, wannan wata magana ce.

Dr_Mansur:
@Zainab_Odita lissafinki daidai ne amma kin zaɓi abokin karawar da ba a kayarwa. Mutane da yawa yanzu ba biron gama-gari suke saye ba, mai tawadar jel suke saye saboda santsi. Shi kuwa ya ninka na gama-gari a kuɗi, kuma yana ƙarewa da wuri ƙwarai, kana kallon tawadar tana sauka. A nan ne canza hanji yake biya. Pilot G2 misali, an yi shi ne don a riƙa canza masa hanji, amma nawa ne cikinmu suka taɓa kwance shi? Jefarwa muke yi da sifirin ɗinsa da komai. Sannan kin ɗauki ƙaramar kwalba. Quink mili 57 ce, Pelikan 4001 akwai mai mili 62 da rabi, kuma babbar kwalba ta fi sauƙi in aka raba a kan mili.

Zainab_Odita:
Na yarda da batun jel, Dakta. Amma Malam jan biro ya ce, na makin. Ban ji ya ce jel ba.

AbuHanifa_Zariya:
Gaskiya duka biyun nake saye. Na gama-gari yana sa ni danna hannu, in na yi makin takarda ɗari biyu yatsuna sai sun yi tsami. Shi ya sa nake komawa jel, shi kuma ya cinye kuɗi. Hajiya, akwai jan hanji na jel a wajenku?

HajiyaMaiLittattafai:
Shuɗi da baƙi sun fi samuwa. Ja sai an yi sa'a, ko a yi oda. In ku malamai za ku haɗu ku ce kwali guda kuke so, kawo muku zan yi. Guda ɗaya-ɗaya ne ba ya biyan kuɗin mota.

Gardi_Mai_Allo:
Allah gafarta malamai, ina ta karanta ku ina murmushi. Duk abin da kuke nema muna da shi a tsangaya tun kaka da kakanni. Alƙalami na gamba ne ko sillen kara, in bakin ya dakushe a fiƙe shi da aska. Tawada a dafa zuge a sa ƙaro, a zuba a kurtu. In ta yi kauri a ɗiga ruwa. Allo a wanke a sake rubutu shekara da shekaru. In alƙalami ya gama aiki akuya ma ta ci, ba abin da zai same ta. Ta rubutun takarda kuwa, wadda ake yi da bagaruwa, ku je ku ga Alƙur'anan da aka rubuta da hannu a Borno, wasu sun haura shekara ɗari ba su goge ba. Nawa muke kashewa? Ƙaro kawai, shi ma da a daji ake ɓamɓarowa.

Sadiq_09:
To Alaramma sai mu shiga banki da kurtu.

Nafi_Zane:
Alaramma ya tuna mini. Gargaɗi ga wanda zai ce bari ya haɗa biyun: kada a zuba tawadar allo a alƙalami mai shan tawada. Ƙaron da garin gawayin za su daskare a 'yan siraran hanyoyin da tawada ke bi, alƙalamin ya toshe. Haka tawadar zane mai kauri, haka ta hatimi. Na ga masu yi da ta firinta ma, wannan kasada ce. Wadda aka rubuta a kwalbarta cewa ta irin wannan alƙalamin ce kawai za a sa.

Gardi_Mai_Allo:
Gaskiya ne Malama, kowane allazi da nasa amanu. Tamu ta tsomawa ce.

Issoufou_Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Mu nan tsoffin teburan lakwal, wato makarantar boko, har yanzu wasu da ramin da ake sa kwalbar tawada a kusurwa. Mahaifina ya ce da bakin ƙarfe suke tsomawa, mushe, wato malamin aji, na zagawa yana zuba wa kowa. A Faransa kanta sai 1965 aka yarda yara su yi rubutu da bik, wato biro, a aji, mu kuma tsarinsu muka gada. Yanzu ba wanda ke waiwayar wancan. Abin da na ga yara suna yi shi ne in kwanson ya fashe su zare hanjin su sa a wani kwanson, in hanjin ya ƙare su nemi na wanda kwansonsa ya fashe. Ba wanda ya koya musu maganar muhalli, rashin dala ashirin ta kuɗin sefa ne.

Ummu_Khairat:
Mu ma mun yi wannan. Har hura gindin hanji muke yi, ko a murza shi a tafin hannu in ya ƙi rubutu da sanyin safiya.

Nurse_Hadiza:
Ku da ke yabon mai shan tawada, ba kowane aiki yake yi ba. A wajen aikinmu akwai takardun da ake sa wa kabon, dole sai ka danna kafin ya fito a ta ƙasa. Da wancan alƙalamin in ka danna baki zai buɗe. Kuma ruwa kaɗan ya taɓa fayil rubutu ya wanke. Masu rasit a kasuwa ma haka. Ni abin da ya yi mini shi ne Parker Jotter, biro ne sosai amma ana canza hanji. Tun 1954 ake yin sa kuma hanjinsa ya zama gama-gari, kamfanoni da yawa suna yin mai shiga jikinsa. Na ɗaure shi da igiya a jikin katin aikina, wanda zai ara sai dai ya rubuta a gabana.

Baba_Tsohon_Akawu:
'Yata kin yi gaskiya a kan kabon. A ofis da ma biyu muke ajiyewa, biro don baucan kuɗi, alƙalami don wasiƙa da sa hannu. Wani abin da ban faɗa ba shi ne takarda. Littattafan rubutu na yanzu sun yi shara-shara, tawadar ruwa tana ratsawa ta bayan shafi. Malam AbuHanifa, in takardun jarrabawar ɗalibanka irin waɗannan ne, nemi mai siririn baki. Sannan da hunturu kada ka bar shi a buɗe kana hira, iska za ta busar da bakin. A wanke shi da ruwa zalla lokaci-lokaci.

Khalifa_BUK:
Tambaya a gefe. Irin mai gogewa ɗin nan, FriXion, shi ma ana canza masa hanji ai. Ya kuke gani?

Dr_Mansur:
@Khalifa_BUK ana canzawa, amma ka san yadda yake gogewa? Zafi ne. Tawadar tana ɓacewa in ta kai wajen digiri 60, gogar robar da kake yi zafi take haifarwa. Ka bar littafinka a gaban mota a rufe da ranar watan Afrilu a Sakkwato ka gani. In aka sa a firiza yakan dawo, amma kada ka kuskura ka yi jarrabawa ko ka sa hannu a takardar kuɗi da shi.

Khalifa_BUK:
Innalillahi. Da shi nake duk nots ɗina.

Injiniya_Auwal:
Bari in ƙara abu ɗaya don kada a ce na karkata. Biro mai jikin ƙarfe ba kyauta yake zuwa wa muhalli ba. Haƙo ƙarfe da narka shi da goge shi ya fi cin makamashi a kan ɗan kwanson roba. Sai ka riƙe shi shekaru kafin ya rama. Wanda zai sayi na ƙarfe ya ɓatar duk bayan wata biyu, gara masa na robar ya yi amfani da shi har ƙarshe. Kuma mai shan tawada da ake sa wa 'yar robar tawada a jefar, shi ma shara yake tarawa. Wanda ke tsotsa daga kwalba ne ya fi, ko a riƙa cika 'yar robar da sirinji. A Faransa BIC da TerraCycle, kamfanin sake sarrafa shara, sun fara tattara tsoffin biro a makarantu a 2011, don a narka a yi benci da makamantansu. Mu nan tun da ba mai karɓa, rage yarwar ce kawai a hannunmu.

Mai_Unguwa_Jr:
Ni laifin ba na ɗalibi ko malami nake gani ba. Ku dubi biron taro. Kowace bita, kowane ƙaddamarwa, kowane biki, sai an buga suna a jikin biro an raba da jaka. Rabinsu ba sa kai mako suke daina rubutu, wasu tun a zauren taron. Akwai durowa guda a ofishinmu cike da su, ba mai yi. Wanda ya yi odar ba ruwansa da ko yana rubutu, sunan da ke jiki ya biya wa kuɗi. In ma'aikatu za su ba kowane ma'aikaci guda ɗaya mai kyau, sito ya riƙa ba da hanji in ka kawo tsohon, da an ga bambanci a kasafi.

Zainab_Odita:
@Mai_Unguwa_Jr a takarda haka ne. A aikace mai kawo kaya ya fi son abin da ake saye kowane wata uku, kada in yi nisa.

Bash_Kwari:
Odita ta ce kada ta yi nisa, mu ma mun gane.

Ummu_Khairat:
Ni dai har yanzu ba wanda ya ba ni mafitar yara. In saya wa ɗan aji uku na ƙarfe? Ranar zai dawo babu.

HajiyaMaiLittattafai:
Maman Khairat, yara ki bar su a na gama-gari, amma ki saya a fakiti, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Wata mai saye a wajena dokar da ta kafa ita ce ba sabo sai an kawo mata tsohon ta ga tawadar ta ƙare. Ta ce fakiti ɗaya yanzu yana kai ta inda biyu ba sa kaiwa da. Kuma ki duba murfi, ki sayi mai huda a sama. Saboda masu taunawa aka yi hudar, in yaro ya haɗiye iska ta samu hanya.

AbuHanifa_Zariya:
Na gode ƙwarai jama'a. Abin da zan gwada shi ne jel mai canjin hanji, in yi wa malaman ɗakinmu magana mu haɗa kuɗin kwalin ja. Na Baba kuma yana ba ni sha'awa, amma ina tsoron takardunmu. Baba, jar tawadar kwalba tana ratsa takarda fiye da shuɗiya ne, ko duk ɗaya?

Sadiq_09:
Shekara biyar masu zuwa duk a waya za a yi makin ɗin nan. JAMB ta bar takarda tun 2015.

Nurse_Hadiza:
Sadiq, JAMB zaɓi-ka-danna ce. Insha'in ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare a wace kwamfutar za a rubuta shi, da wace wutar?

Baba_Tsohon_Akawu:
Malam AbuHanifa, ya danganta da kamfanin tawadar da kaurin bakin, ba launin kaɗai ba. Kafin ka sayi kwalba ka tafi da takardar jarrabawa guda ɗaya shagon, ka ce a ɗiga maka ka ja layi ka juya bayanta. In mai shagon ya ƙi buɗe kwalba, nemi wani tsohon ma'aikaci a unguwarku, ba za a rasa mai ita a durowa ba.

Issoufou_Damagaram:
Hajiya, in an haɗa odar jan hanjin a sa ni guda goma, akwai direban Kano zuwa Zinder da zai karɓa mini.